Yadda Ake Haɗa wa Injin Dizal Iskar Gas ba Tare da an Lalata Shi ba

A Katsina idan mutum ya ce zai sayi gas, sai an tambaye shi wanne, domin a bakin direbobi da masu injin niƙa man gas shi ne dizal, a bakin matan gida kuwa gas shi ne abin da ke cikin tukunyar girki. A wannan jagora, duk inda na ce dizal ina nufin man da ake zubawa a tanki, duk inda na ce gas ina nufin na tukunya, wanda ake kira LPG, wato haɗin sinadarai biyu, furofen da butan. Kada kuma a haɗa shi da CNG da gwamnatin tarayya ta shiga tallatawa bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. CNG wata iska ce dabam da ake matsewa a tukwane masu kauri har matsinta ya kai kusan ninki 200 na matsin iskar da muke shaƙa, kuma kayan ɗaya ba sa yi wa ɗaya aiki.

Abin da ya sa masu janareta da masu casar shinkafa suke yawan tambaya kan wannan haɗi a fili yake: wutar KEDCO ba ta wadatar da mai sana'a, dizal kuma shi ke cinye ribar. Amsar da nake ba su ita ce haɗin yana yiwuwa, kuma an daɗe ana yin sa a Amurka da Ostareliya, amma gas ɗin ƙari ne kawai a kan dizal, kamar yadda ake ƙara wa dabba dusa a kan harawa. Wanda ya nemi ya mayar da shi abinci na asali zai sayi fistin da ringi.

Yadda abin yake aiki

Injin dizal ba shi da filogi. Fistin ne ke matse iska zalla ninki 16 zuwa 22, zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa dizal a kanta, ya kama wuta da kansa. Furofen yana da taurin kamawa, sai zafi ya kai wajen digiri 470, alhali dizal yana kamawa tun a wajen digiri 210 zuwa 250. Don haka idan aka saka gas kaɗan a cikin iskar da injin ke shaƙa, sai ya shiga silinda ya jira, har dizal ya kama ya kunna shi. Dizal ɗin ya zama ashana kenan. Ƙarfin da gas ya kawo sai ya sa gwamnan injin ya rage fesa dizal da kansa, domin aikin gwamna shi ne ya riƙe gudun injin a wuri guda, kuma a nan ne ragin mai yake fitowa.

Matsalar tana zuwa ne idan gas ya yi yawa. Maimakon ya jira ashana, sai matsi da zafi su tayar da shi kafin lokaci, ko ya fashe gaba ɗaya a tashi guda, a ji injin yana wata ƙara mai kaifi kamar ana zuba tsakuwa a cikin gwangwani. Wannan ƙwanƙwasa ita ce ke farfasa ringi, ta ƙona gasket, ta huda kan fistin, kuma ƙarshenta shi ne abin da bakanikai ke kira nokin.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Akwai kayan haɗi da bayanansu da aka tsara bisa gas ɗin Amurka, wanda kusan dukkansa furofen ne, mai lambar juriyar ƙwanƙwasa da ta haura 100. Gas ɗin girki da ake sayarwa a Nijeriya kuwa butan ya fi yawa a cikinsa, domin shi kamfanin NLNG na Bonny ke turo wa kasuwar cikin gida tun 2007, kuma lambar butan tana wajen 94 ne. Ma'ana namu ya fi saurin tayar da ƙwanƙwasa. Idan takardar kayan ta ce a sa kashi 30 cikin ɗari, ni shawarata a tsaya tsakanin 15 da 20, kada a taɓa wuce 25, musamman a zafin bazara.

Mataki na farko shi ne lissafi, kafin a sayi ko kusa ɗaya. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da ƙarfi kusan daidai da lita ɗaya da kwata na dizal. A aikace kuma wani ɓangare na gas ɗin yana fita ta salansa bai ƙone ba, saboda haka ka ɗauka lita ɗaya da ɗan ɗoriya yake maye maka. Je ka tambayi kuɗin kilo a inda kake ɗura gas, ka tambayi kuɗin litar dizal a gidan mai. Idan kilo bai kai lita tsada ba, akwai riba a fili. Idan ya fi ta da kashi ɗaya cikin huɗu, babu abin da za ka samu sai wahala. A ɗauki misalin janareta mai shan lita 10 a awa. Rage kashi 20 cikin ɗari na nufin lita 2 a awa, wanda zai ci gas aƙalla kilo 1.6. Tukunya mai kilo 12.5 ba za ta wuce awa takwas ba, mai kilo 50 kuma za ta yi wajen awa 30. Ninka bambancin kuɗin da awannin aikinka a wata, ka ga ko zai biya kuɗin kaya da na aiki a cikin shekara guda. Wanda ke kunna inji awa biyu da dare gara ya haƙura.

Daga nan sai a duba injin kansa. Wanda ya fi dacewa shi ne mai aiki a gudu ɗaya da kaya kusan ɗaya na tsawon awanni: janareta mai juyi 1500 a minti irin su Perkins da Cummins, injin casa, ko babban famfon ban ruwa irin na masu noman rani a Jibiya da Ajiwa da Sabke. Motoci sun fi wuya, zan taɓo su daga baya. Sabbin injuna masu kwamfuta a barsu sai da kayan haɗi na lantarki da aka yi musamman dominsu, kuma wanda injinsa ke ƙarƙashin garanti ya sani cewa wannan aiki zai soke shi.

Injin da ke shan baƙin mai, ko yake tafasa ruwa, ko yake hura hayaƙi ta bakin zuba mai, ba a haɗa masa gas. A fara gyara shi: a kai nozul a gwada feshinsu, a daidaita lokacin injekta yadda kamfani ya tsara, a saita bawul, a wanke lagireto ciki da waje, a sa sabuwar matatar iska. Lokacin injekta yana da muhimmanci ƙwarai, domin wasu bakanikai kan matso da shi gaba don injin ya riƙa tashi da wuri, kuma injin da aka yi wa haka yana fara ƙwanƙwasa tun gas bai kai ko'ina ba.

Awo kafin a taɓa komai

Wannan mataki shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin aikin. Huda bututun hayaƙi kusa da kan inji, kafin tobo (na'urar da ƙarfin hayaƙi ke juyawa ta ƙara tura iska cikin inji) idan injin yana da shi, ka ɗaura ma'aunin zafin hayaƙi. Sannan ka samu jarka mai alamar lita, ka zura tiyon shan mai da na dawowar mai duka biyun a ciki. Idan ka bar na dawowa a tanki, lissafinka zai nuna injin yana shan abin da ba ya sha. Kunna injin a kan dizal zalla, da kayan da ya saba ɗauka, ka bar shi awa guda. Rubuta litar da ya sha, da zafin hayaƙi, da zafin ruwa, da matsin baƙin mai, idan janareta ne kuma da amfiya da mitar da ke nuna gudun wutarsa, wadda ya kamata ta tsaya a kan 50. Ka tsaya kusa da shi ka saurari muryarsa sosai, domin kunnenka na cikin kayan awon da za ka dogara da su nan gaba. Yi wannan gwaji da tsakar rana, lokacin da zafi ya fi tsanani.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa, amma babu wanda ake bari. Akwai tukunyar gas mai lafiya wadda ke ɗauke da shaidar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, a duba shekarar ƙira a wuyanta, domin shekara 15 ce iyakar rayuwarta. Akwai regileta mai matakai biyu irin ta masana'antu, saboda ta kicin an yi ta ne don murhu. Akwai matatar gas, da bawul na hannu, da bawul na lantarki wanda a rufe yake sai an ba shi wuta, da bawul mai allura na daidaita yawan gas, da mahaɗin da ake sakawa a bututun iska. Bututu ya zama na jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe, guntun da zai taɓa jikin inji kaɗai zai zama tiyo, shi ma wanda aka rubuta LPG a jikinsa, domin tiyon ruwa da na fetur gas yana cinye su daga ciki. Sai makunnai uku, na matsin baƙin mai da na zafin ruwa da na nauyin kaya, da rilay, da fiyus, da sikelin auna tukunya, da abin kashe gobara mai hoda.

Wurin ajiye tukunya

Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, furofen kusan ninki ɗaya da rabi, butan kusan ninki biyu. Idan ya yi yoyo ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa, ya bi kwata da rami da ƙarƙashin ƙofa, kuma da zarar ya kai wajen kashi 2 cikin ɗari na iskar wurin, ƙyastawa ɗaya ta isa. Saboda haka tukunya a waje take zama, ba a ɗakin inji ba, a tsaye, a ɗaure da sarƙa, a kan daɓe, ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, nesa da salansa da batir da allon wuta da duk wani rami. Inuwar ba don ado ba ce: a watan Afrilu da Mayu zafin Katsina yana haura digiri 40, kuma matsin cikin tukunya yana hawa tare da zafi. Don haka ne ma ba a cika ta fiye da kashi 80 cikin ɗari. Kada ka roƙi mai ɗura gas ya ƙara maka.

Gas ɗin ruwa-ruwa ne a cikin tukunya, yana tafasa ne ya zama iska yayin da ake jan sa, kuma tafasar tana sanyaya tukunyar. Furofen yana tafasa tun a digiri 42 ƙasa da sifili, butan kuwa sai wajen sifili, shi ya sa ƙaramar tukunya idan aka matsa mata sai ka ga ta yi gumi, matsinta ya faɗi, musamman da asubahin hunturu. Maganin shi ne a haɗa manyan tukwane biyu ko uku a layi ɗaya su raba aikin. Babban inji kuma yana buƙatar na'urar tafasa gas wadda ruwan lagireto ke ɗumamawa. Kada a taɓa kwantar da tukunya ko a kifa ta, kuma kada a ɗumama ta da wuta ko ruwan zafi. Ruwan gas idan ya zama iska yana kumbura fiye da ninki 200, saboda haka cokali kaɗan idan ya tsallake regileta ya faɗa bututun iska ya isa ya lalata inji.

Jerin haɗin daga tukunya shi ne: bawul na hannu, regileta, matata, bawul na lantarki, bawul mai allura, sannan mahaɗi. Bawul na lantarki ya zauna kusa da inji, domin gas ɗin da zai rage a bututu bayan an rufe ya zama kaɗan. Mahaɗin kuma ana saka shi bayan matatar iska, da ɗan tazara kafin inda bututun ya rabu zuwa silindoji, don gas ya gauraya sosai. Idan ya yi kusa, silinda ɗaya za ta sha fiye da sauran, ta riƙa ƙwanƙwasa ita kaɗai alhali ma'auni yana nuna komai lafiya. A injin tobo ana saka shi kafin tobo, inda babu matsi.

Wayoyi: gas ya iya yanke kansa

Idan za ka riƙe abu ɗaya daga wannan jagora, ka riƙe wannan. Gwamnan inji dizal kaɗai yake iya ragewa, ba shi da iko a kan gas. Na taɓa zuwa wani wurin casa a hanyar Daura inda aka zura tiyon murhu kai tsaye cikin gidan matatar iska, yaro na buɗewa da rufewa da hannu. Ana cikin aiki bel ya tsinke, kaya suka sauka daga kan injin gaba ɗaya, gwamna ya janye dizal iyakar iyawarsa, gas kuwa bai daina shiga ba, injin ya ɗauki gudu har ginin yana rawa. Kafin yaron ya kai ga tukunya aikin gama ya gama. Mai wurin ya ce mini, "Malam, wallahi wata biyu muna yi lafiya lau." Na ce masa, "Alhaji, wata biyun nan bel ne bai tsinke ba."

Don haka wutar da za ta buɗe bawul na lantarki dole ta bi ta makunnai a jere, ta yadda ko ɗaya ya katse wutar, gas ya tsaya. Daga batir ta bi fiyus, ta bi makullin inji, ta bi makunnin matsin baƙin mai wanda ba ya haɗuwa sai injin yana juyawa, ta bi na zafin ruwa wanda ba ya haɗuwa sai ruwa ya kai wajen digiri 60, sannan ta bi na nauyin kaya. A janareta wannan na ƙarshe rilay ne mai jin amfiya, a saita shi ya buɗe gas idan kaya sun haura kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin injin. A injin tobo kuwa makunni ne mai jin matsin iskar tobo. Ƙasa da wannan nauyi gas ba ya ƙonewa sosai, asara ce kawai. Idan ma'aunin zafin hayaƙinka yana da wayar ƙararrawa, saka ta a jerin. A ƙara da jan maɓalli a bakin ƙofa wanda kowa zai iya dannawa.

Kafin a kunna, a gwada yoyo. Buɗe tukunya, bawul na lantarki yana rufe, ka shafa ruwan omo mai kumfa a kowace mahaɗa, ka jira ka gani ko kumfa za ta taso. Sannan ka rufe tukunyar ka duba agogon regileta na minti goma. Idan allura ta sauka, akwai inda ke yoyo. Ba a gwadawa da ashana, kuma ba a dogara da hanci kaɗai, duk da warin da ake saka wa gas ɗin da gangan.

Daidaitawa

Rufe bawul mai allura gaba ɗaya, ka ɗora tukunya a kan sikeli, ka kunna injin a kan dizal har ya yi zafi, ka ɗora masa kayansa. Buɗe allurar kwata ɗin juyi, ka jira minti biyar. Za ka ga sandar gwamna ta ɗan ja baya, baƙin hayaƙi ya ragu, muryar injin ta ɗan yi laushi. Ƙara wani kwata, ka sake jira. A kowane mataki ka dubi zafin hayaƙi: bai kamata ya yi nisa da abin da ka rubuta a gwajin farko ba, kuma kada ya haura wajen digiri 650 kafin tobo. Idan jarka ta nuna dizal ya ragu da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, tsaya nan ko da injin yana nuna zai iya ɗaukar ƙari. Akwai dalili na biyu bayan ƙwanƙwasa: dizal ɗin da ke ratsa nozul shi ke sanyaya bakinsa, idan ya yi ƙaranci bakin ya ƙone ya toshe. Da zarar ka ji ƙarar tsakuwa, danna jan maɓalli, ka rage allurar rabin juyi kafin ka sake gwadawa.

Bar shi awa guda cif, ka kwatanta litar da ta ragu da kilon da ya fita. Idan kilo ɗaya bai rage maka aƙalla lita ɗaya ba, gas ɗin yana tafiya a banza. Sannan ka yi gwaji biyu masu tsanani. Ɗora wa injin kaya mafi nauyi da yake ɗauka ka saurara, domin a nan ƙwanƙwasa ta fi fitowa. Sai kuma ka sauke kayan gaba ɗaya a tashi guda, hannunka na kan jan maɓalli, ka tabbatar ka ji bawul ya rufe nan take, mita kuma ta dawo 50. Idan duka sun yi, ɗaure allurar da waya, ka ɗiga mata fenti don ka gane idan wani ya taɓa.

Ni da kaina na taɓa daidaita wani janareta da safiyar watan Janairu, iska na da sanyi, tukunya na da ƙarancin matsi, komai ya tafi daidai. Da bazara ta shigo sai aka kira ni cewa injin yana wata irin ƙara da azahar. Iskar da yake shaƙa ta yi zafi, tukunya ta ƙara matsi, saitin da ya dace da hunturu ya zama ya yi yawa. Allah ya taimaka mai kula da injin yana da kunne, ya kashe gas ɗin da wuri. Tun daga ranar nake komawa in sake awo a farkon kowace bazara. Ƙurar hunturu ita ma tana da nata sharrin: idan matatar iska ta toshe, injin yana ƙara zuƙo gas ta mahaɗi alhali iska ta ragu, saboda haka a wannan lokaci a riƙa duba matatar kullum.

Game da motoci, ƙa'idar ɗaya ce, amma nauyi da gudu suna sauyawa kowane daƙiƙa, kuma bawul mai allura ba zai iya bin su ba; ana buƙatar na'ura mai auna totur da matsin tobo. Tankin ma dole ya zama na mota, mai bawul ɗin rage matsi da mai yanke gas idan bututu ya tsinke, a ɗaure a jikin shasi. Tukunyar girki a bayan kujera ko a cikin bodi, tana birgima a kan hanyar Mashi, ba abin da zan yarda in sa wa hannu ba ne, ko nawa za a biya ni. Ƙarin ƙarfin da direba zai ji a hawa kuma kulochi da giya ne za su ɗauke shi, don haka kada ya zama dalilin ƙara lodi.

A aikin yau da kullum, a tayar da inji a kan dizal, a buɗe tukunya bayan ya yi zafi. Idan za a tashi, a fara rufe tukunyar, a bar injin ya yi minti uku zuwa biyar a kan dizal zalla ya share abin da ya rage a bututu, sannan a kashe. Raguwar baƙin hayaƙi kada ta ruɗi kowa, domin iskar guba marar wari mai kashe mutane a ɗaki tana iya ƙaruwa da wannan haɗi, saboda haka salansa dole ta fita waje nesa da taga. Baƙin mai zai daɗe bai yi duhu ba, amma a ci gaba da juye a awannin da kamfani ya tsara. A shafa ruwan omo duk lokacin da aka sauya tukunya, a gwada makunnan nan sau ɗaya a wata ta hanyar cire wayar kowanne a ga ko bawul zai rufe, a sauya tiyo da zarar ya fara tsattsagewa. A ajiye littafi kusa da allon wuta, mai kula da inji ya riƙa rubuta awanni da lita da kilo da zafin hayaƙi kowace rana, mai inji kuma ya duba shi duk ƙarshen mako tare da farashin ranar, domin idan kuɗin kilo ya tsere wa kuɗin lita, sai a rufe tukunya a koma dizal zalla har kasuwa ta sauya.